Dabbobin da Ba Su San Gudu Ba: Kallon Namun Daji a Tsibiran Galafagos

 Shirin faɗakarwa na yau, domin masu sauraro na Lambara da sauran garuruwan Boɗinga da Shagari, ya ɗauko batun wata irin tafiya ce wadda masu hali daga ƙasashe daban-daban suke biyan dubban daloli domin su yi, wato zagaya tsibiran da duwatsu masu aman wuta suka haifar a tsakiyar teku, cikin ƙaramin jirgin ruwa wanda shi ne abin hawan matafiyi kuma shi ne masaukinsa, da niyyar tsayawa a kalli dabbobi da tsuntsaye suna harkokin gabansu. Wurin da ya fi kowanne shahara da wannan tafiya shi ne tsibiran Galafagos, mallakin ƙasar Ikwado ta Kudancin Amurka, waɗanda suke cikin tekun Fasifik, kimanin kilomita 1,000 yamma da gaɓar ƙasar, daidai kan layin nan da ya raba duniya gida biyu, arewa da kudu. Manyan tsibiran goma sha uku ne, ban da ƙanana da tsirarun duwatsu fiye da ɗari da suka leƙo daga cikin ruwa, kuma mutanen da suke zaune a wurin, waɗanda yawansu ya kusa dubu talatin, sun taru ne a 'yan garuruwa kaɗan a kan tsibirai huɗu.

Kafin a fahimci dabbobin, ya kamata a fara sanin ƙasar da suke takawa, domin ita ce ta tsara irin wanda zai iya zama a kanta. Masana ilmin ƙasa sun bayyana cewa ɓawon duniya ba dunƙulalle ba ne, ya rarrabu zuwa manyan faya-fayai da suke motsi a hankali, kuma wanda Galafagos take kai, mai suna Naska, yana gusawa gabas da 'yan santimitoci kaɗan a kowace shekara. A can ƙarƙashinsa akwai wani wuri mai tsananin zafi wanda ba ya gusawa, yana turo narkakken dutse sama har ya huda ɓawon, dutsen ya taru a ƙasan teku, ya yi tudu, daga bisani ya fito fili ya zama tsibiri. Lamarin ya yi kama da a riƙa jan tsohuwar tabarma sannu a hankali a bisa fitilar aci-balbal, inda za a tarar da ramukan ƙuna sun jeru, na nesa da wutar shi ne mafi daɗewa. Saboda haka tsibiran gabas, irin su San Kiristobal da Esfanyola, su ne tsofaffi, an ƙiyasta sun haura shekara miliyan uku, wutarsu ta mutu, iska da ruwa sun zaizaye su. Na yamma kuwa, Isabela da Farnandina, har yanzu da sauran ƙuruciya: dutsen Wulf na Isabela, wanda ya fi kowanne tsawo da mita 1,707, ya yi aman wuta a 2015 ya sake yi a watan Janairun 2022, na Farnandina kuma ya yi nasa a watan Maris na 2024. Matafiyin da jirginsa ya bi ta yamma yakan taka baƙin dutse mai kaifi wanda ko ciyawa ba ta riga ta kama shi ba.

Tun da tsibiran ba su taɓa haɗewa da wata nahiya ba, duk wani mai rai da aka tarar a kansu sai da kakanninsa suka ƙetaro teku, ko da fiffike, ko da iyo, ko a bisa kututturan itace da tarkacen ciyayi da ambaliyar kogunan Kudancin Amurka take korowa. Irin wannan tafiya ta makonni cikin rana da ruwan gishiri ba kowace halitta take jure mata ba. Kunkuru da ƙadangare, waɗanda fatarsu take riƙe ruwan jiki kuma suke iya daɗewa ba ci ba sha, sun iso da ransu, amma manyan dabbobi masu shayarwa, masu cin ciyawa da masu farautarsu, ba su iso ba, in ban da jemage da wasu ƙananan ɓeraye. Kwaɗo ma, da yake gishiri yana kashe shi, bai taka tsibiran ba sai a ƙarshen shekarun 1990, lokacin da ya shigo a ɓoye cikin kayan jiragen dakon kaya. Sakamakon haka shi ne ƙasa wadda babu kura, babu damisa, babu dila ko karen daji a cikinta, inda kunkuru ya gaji matsayin babban mai kiwo, har wani yakan haura kilo 250 kuma ya rayu fiye da shekara ɗari.

Abu na biyu da ya bambanta wurin shi ne ruwan da ya kewaye shi. A cikin teku akwai magudanai, wato hanyoyin da ruwa mai yawa yake bi ya nufi waje guda ba tare da gaɓa ba, kuma uku daga cikinsu suna haɗuwa a Galafagos: mai sanyi da ake kira Hambolt yana tasowa daga kudu ta gaɓar Feru, mai ɗumi yana gangarowa daga wajen Fanama, na uku kuma, mai suna Kuromwel, yana tafe ta ƙarƙashi daga yamma har ya ci karo da gindin Isabela da Farnandina ya taso sama da sanyinsa da abincin da ƙananan halittun ruwa suke bukata. Wannan sanyi ne ya sa ake ganin fengwin a wurin, tsuntsun nan mai tafiya a tsaye wanda fukafukansa suka zama abin iyo, alhali danginsa duk suna kudancin duniya, kuma a nan kaɗai ne wasunsu suke zaune arewa da layin tsakiyar duniya. A gaɓar Isabela da Farnandina ne kuma ake samun wani tsuntsun ruwa mai nutso da ya daina tashi baki ɗaya, fukafukansa suka tsuke, tun da abincinsa yana ƙarƙashin ruwa kuma babu abin da yake kora shi a tudu. Amma abin da ya fi ɗaukar hankalin baƙi shi ne iguwanar teku, wata baƙar halitta dangin ƙadangare, ita kaɗai ce a duniya cikin danginta da take neman abinci a teku. Takan kwanta bisa baƙin dutse har jikinta ya yi zafi, sannan manyan mazan su yi nutso su kankare gansakukar da ta kama duwatsun ƙasa, su fito a daskare su koma shan hantsi, suna fyace gishirin da ya taru a jikinsu ta hanci har ya bushe ya yi fari a kawunansu. A shekarun da ruwan ɗumi ya mamaye yankin, yanayin da ake kira El Ninyo, gansakuka takan ƙare, kifi ya yi nisa, kuma a na 1982 zuwa 1983 fengwin sun ragu da kusan kashi 77 cikin ɗari.

Tafiyar kanta tana da tsari wanda kusan kowane jirgi yake bi. Baƙo yakan taso ta jirgin sama daga Kito ko Gwayakil ya sauka a tsibirin Baltara ko San Kiristobal, a kai shi jirgin ruwan da zai kwana a ciki na kwana huɗu zuwa mako guda ko biyu. Mafi yawan jiragen fasinja goma sha shida suke ɗauka, kuma doka ba ta yarda ko mafi girmansu ya wuce fasinja ɗari ba. Da dare ake tafiya, ta yadda gari zai waye jirgi ya riga ya jefa anga a gaban wani sabon tsibiri, a sa wa kowa rigar ceto, a zuba su cikin ƙananan kwalekwalen roba masu inji zuwa gaɓa, wani wurin a taka dutse a sauka a bushe, wani wurin kuma a naɗe wando a shiga ruwa zuwa gwiwa. Ana yin tattaki na sa'a biyu ko uku da safe, a dawo a ci abinci, masu iya iyo su sa gilashin ido su leƙa ƙarƙashin ruwa, a sake sauka wani wurin da la'asar, da dare kuma ɗan jagora ya yi bitar abin da aka gani da abin da za a tarar gobe. Kowane tsibiri da abin da ake zuwa gani a kansa: a Esfanyola, daga Afrilu zuwa Disamba, akwai albatiros, babban tsuntsun teku wanda faɗin fukafukansa ya haura mita biyu, kuma kusan dukkan irinsa na duniya a wannan tsibiri guda suke ƙyanƙyasa, a wasu wuraren akwai tsuntsu mai shuɗɗan ƙafafu da yake ɗaga su ɗaya bayan ɗaya a gaban macen da yake nema, a tudun Santa Kurus kuma kunkuraye ne suke kiwo cikin gonakin mutane.

Duk wannan yana gudana ne ƙarƙashin dokokin hukumar gandun dajin Galafagos, wanda gwamnatin Ikwado ta kafa a 1959 kuma ya ƙunshi kashi 97 cikin ɗari na ƙasar tsibiran. Ba a sauka sai a wuraren da aka keɓe, ba a sauka sai da ɗan jagora mai lasin hukuma, kuma jagora guda ba ya jan fiye da mutum goma sha shida. Ba a kauce wa turbar da aka shata da turaku, ba a ba dabba abinci, ba a taɓa ta, ba a haska mata fitilar kyamara, ba a ɗaukar ko tsakuwa ko gashin tsuntsu a matsayin tsaraba, kuma tilas a bar tazarar mita biyu tsakanin mutum da kowace dabba. Tun daga 2012 hukumar take tsara wa kowane jirgi hanyar da zai bi ta kwana goma sha biyar, domin kada ya maimaita wuri guda a cikin wannan lokaci, kada kuma jirage su yi cincirindo a gaɓa ɗaya. Dokar mita biyu ita ce ta fi tona asirin wurin, domin a sauran dazuzzukan duniya matsalar mai kallo ita ce yadda zai kusanci dabba kafin ta ɓace masa, a nan kuwa mutum ne ake umarta ya ja da baya, har yakan zama dole ayari ya tsaya ya jira wata dabbar ruwa mai shayarwa da ake kira zakin teku ta gama barcinta a tsakiyar hanya, ko ya kewaye tsuntsuwar da ta yi sheƙa a kan turba.



Wannan rashin tsoron mutum da dabbobin wurin suke da shi, shi ne abin da baƙon farko ya fara lura da shi. A 1535 iska ta ɗauke wa jirgin Tomas de Berlanga, babban limamin Kirista na Fanama, a kan hanyarsa ta zuwa Feru, ruwa ya ja shi har tsibiran, inda ƙishirwa ta kashe masa mutane da dawaki, kuma a wasiƙar da ya aika wa sarkin Sifaniya ya ambaci tsuntsayen da ba su san gudu ba har ana kama su da hannu. Shekara ɗari uku bayan haka, a 1835, masanin halittu Charles Darwin ya iso cikin jirgin Beagle na sojan ruwan Ingila, ya yi mako biyar a yankin ya taka tsibirai huɗu, ya kuma rubuta yadda ya ture wani shaho daga kan reshe da bakin bindigarsa, da yadda ya ga wani yaro a tsibirin Fuloriyana zaune a bakin rijiya da tsumagiya yana bugun kurciyoyin da suke zuwa shan ruwa. Bayanin masana shi ne gudu yana da tsada, domin dabbar da take zabura kan kowane motsi tana asarar ƙarfi da lokacin kiwo, don haka inda babu mai farauta, wadda ba ta damu da gudu ba ita ce take ƙoshi ta bar zuriya. Suna auna wannan da abin da suke kira tazarar gudu, wato nisan da ya rage tsakanin dabba da mai tunkararta a daidai lokacin da ta zabura. Wani bincike da aka buga a 2014 kan ƙadangaru iri 66 ya nuna cewa na tsibirai sun fi bari a matso kusa da su, kuma gwargwadon nisan tsibiri daga nahiya, gwargwadon gajartar tazarar.

Halin da ya zama kasuwa a yau shi ne ya kusa ƙarar da su jiya. A ƙarni na 19 jiragen mafarautan wel, manyan dabbobin tekun nan da ake narka kitsensu a yi man fitila, sun gano cewa kunkurun Galafagos yana iya yin watanni da yawa ba ci ba sha, sai suka mai da shi guzuri, suna kifa su a cikin jirgi ana yankawa ɗaya bayan ɗaya. Littattafan jirage 79 kaɗai da wani masani ya bincika sun nuna an kwashi kunkuru fiye da 13,000 tsakanin 1831 da 1868, kuma ƙiyasin jimillar abin da aka kwasa ya haura dubu ɗari.

Ɓarnar da ta fi ta wuƙa daɗewa kuwa, akuya ce ta yi ta. Makiyayin ƙasar Sakkwato, wanda ya san darajar jar akuya da fatarta da ta yi suna har Turai, zai yi mamakin jin cewa akwai ƙasar da gwamnati ta kashe miliyoyin daloli don ta ga bayan awaki, amma shi ne kuma zai fi kowa saurin gane dalili, tun da ya san abin da garke yake yi wa dashen da ba a killace ba. A 1959 wasu masunta suka saki awaki uku a tsibirin Finta don su riƙa samun nama, kuma da yake babu kura babu mai yanka, cikin shekara goma sha kaɗan suka kai kimanin 40,000, suka cinye ganye da saiwa, suka bar ƙasa tsirara. A wannan tsibiri ne aka tsinci kunkuru namiji guda ɗaya tak a 1971, wanda aka laƙaba wa suna Joji Kaɗaitacce, aka yi shekaru ana nema masa mace irinsa ba a samu ba, har ya mutu ranar 24 ga Yunin 2012, irinsa ya ƙare da shi. Daga 1997 zuwa 2006 aka gudanar da shirin kawar da awaki a arewacin Isabela da Santiyago da Finta, aka yi amfani da jirage masu saukar ungulu da ƙwararrun maharba, aka kashe fiye da 140,000. Da suka yi ƙaranci suka koyi ɓuya, sai aka koma ga wata dabara da ta dogara kan halin akuya na ƙin zama ita kaɗai: a kama guda, a ɗaura mata na'urar da ke aika sigina a wuya, a sake ta, ita kuma ta nemo 'yan uwanta, maharba su biyo sawu. A Esfanyola an yi sa'a ba a makara ba, domin an tarar da kunkuru goma sha huɗu da suka rage, mata goma sha biyu da maza biyu, aka kai su cibiyar kiwo a Santa Kurus, aka ƙaro namiji na uku daga gidan namun daji na San Diyego a Amurka, suka haifi kusan 2,000 da aka mayar tsibirin, su ma tsofaffin aka mai da su gida a watan Yunin 2020.

Akwai wani abin kallo da ba ya burge mai kyamara amma ya fi sauran amfani ga ilmi, wato wasu ƙananan tsuntsaye masu cin tsaba, iri goma sha uku ko fiye, waɗanda jikinsu kusan ɗaya ne amma bakunansu sun bambanta: mai kauri na fasa tsaba, mai tsini na tsince ƙwari, har da wanda yake tsinko ƙaya ya riƙe ta a baki ya zaƙulo tsutsa daga ramin itace. Daga 1973 wasu masana biyu, miji da mata, Peter da Rosemary Grant, suka shiga auna bakin kusan kowane tsuntsu a wani ɗan ƙaramin tsibiri mai suna Dafni, aikin da suka yi shekara arba'in suna yi. A 1977 aka yi fari, ƙananan tsaba masu laushi suka ƙare, abin da ya rage a ƙasa mafi yawa 'ya'yan wani tsiro ne mai ƙaya, ɗan uwan tsaidau ɗin nan da yake sukar ƙafar mai tafiya ba takalmi a gonakin Boɗinga. Kusan kashi 85 cikin ɗari na irin tsuntsun da suke bibiya suka mutu, waɗanda suka tsira kuwa galibinsu masu kaurin baki ne da suka iya fasa ƙayar, kuma da aka auna 'ya'yan da suka ƙyanƙyashe bayan farin, an tarar bakinsu ya fi na tsarar da ta gabata kauri da kimanin kashi huɗu cikin ɗari. Da ruwa ya yi yawa a 1983, ƙananan tsaba suka wadata, sai ma'aunin ya karkata ga masu ƙaramin baki. Manomin da ya ga yadda gero mai saurin nuna ya samu karɓuwa bayan farin 1973 da na 1984 ba zai sha wahalar bin wannan lissafi ba.

Sai dai kallon yana da nasa nauyi a kan abin da ake kallo. Yawon buɗe ido na jirgin ruwa ya fara ne a ƙarshen shekarun 1960 da 'yan tsirarun baƙi, amma a 2023 waɗanda suka shiga tsibiran sun haura 300,000, kuma yawancin ƙarin ya zo ne daga masu kwana a otal-otal na garuruwa, waɗanda ba a ƙayyade yawansu yadda aka ƙayyade gadajen jirage ba. Kowane baƙo yana bukatar abinci da ruwa da mai, waɗanda jiragen dakon kaya suke kawowa daga nahiya, tare da ƙwari da irin ciyayi da suke maƙalewa a ciki. Wani ƙuda da ya shigo ta irin wannan hanya yana zuba ƙwai a sheƙar ƙananan tsuntsayen nan, tsutsotsinsa su tsotse jinin 'yan tsaki da dare. A watan Janairun 2001 jirgin dakon mai Jessica ya maƙale a kan duwatsu a gaban San Kiristobal, mansa ya malala cikin teku, kuma cikin shekara guda fiye da rabin iguwanar teku ta tsibirin Santa Fe suka mutu. Hukumar UNESCO, wadda ta sa Galafagos cikin jerin wuraren gadon duniya na farko a 1978, ta mai da ita jerin waɗanda suke cikin haɗari daga 2007 zuwa 2010, kuma a watan Agustan 2024 aka ninka kuɗin shiga na baƙon ƙetare daga dala 100 zuwa 200. Ƙarin kuɗin yana da wuya ya rage baƙi, domin wanda ya iya biyan dubban daloli na jirgi ba dala ɗari ce za ta mai da shi gida ba. Feshin da ake yi wa jiragen sama da binciken jakunkuna a filin jirgi sun fi shi kare tsibiran.

Afirka ta Yamma ma tana da nata tsibiran na aman wuta. Akwai jerin duwatsu da ya taso daga cikin tekun Gini, ya haifar da tsibiran Annobon da Sawo Tome da Firinsife da Biyoko, ya hau tudu a Dutsen Kamaru wanda ya yi aman wuta a 1999 da 2000, ya miƙa reshe har tudun Biu a jihar Borno, inda tafkin Tila yake kwance cikin bakin wani mataccen dutse. Sawo Tome da Firinsife suna da tsuntsaye fiye da iri ashirin da ba a samunsu a ko'ina a duniya.

Amma misalin da ya fi kusa da ƙasar Hausa, ta fuskar dabbar da ba ta gudun mutum, yana tudu ne, a yankin Kure na Jamhuriyar Nijar, kimanin kilomita 60 daga Yamai a kan hanyar Doso. Raƙumin dawa na Afirka ta Yamma, wanda a da yake yawo daga Sanagal har tafkin Cadi, ya ragu saboda farauta da fari da sarar daji har ya zama guda 49 kacal aka ƙirga a 1996, dukkansu a wannan yanki. Da gwamnati ta tsananta hana farautarsu, ƙungiyoyi kuma suka haɗa kai da ƙauyuka, aka horar da 'yan jagora daga cikin mutanen wurin, yawan raƙuman ya haura 600 cikin shekara ashirin da 'yan kai. Ba a cikin killataccen gandu suke ba, suna kiwo ne tsakanin gonakin gero da garkunan shanu, suna cin ganyen gawo da rani, kuma suna barin mai kallo ya sauka daga mota ya tunkare su da ƙafa. Zaman ba ya rasa ƙorafi, domin suna shiga gonar wake suna kuma cin mangwaro, kuma manomin da aka yi wa ɓarna ba lallai ne shi kuɗin baƙi yake isa hannunsa ba. A 2018 aka ɗebi takwas aka kai gandun Gadabeji da ke arewacin jihar Maraɗi domin kada duk irin ya dogara da wuri guda. Harin da 'yan bindiga suka kai a Kure ranar 9 ga Agustan 2020, wanda ya halaka mutum takwas har da ɗan jagora, ya durƙusar da zuwan baƙi, ya kuma yanke wa 'yan jagora hanyar abincinsu.

A Lambara da maƙwabtanta kuwa, ba sai an yi tafiya ba kafin a ga wannan hali, domin shamuwa tana nuna shi kowace shekara. Tsuntsuwa ce mai ƙaura a cikin Afirka, tana cin rani a gabashi da kudancin nahiyar, ta dawo yankin Sahel gab da faɗuwar damina ta yi sheƙa a kan kuka ko tsamiya a tsakiyar gari, wani lokaci a bisa rufin ɗaki, tana bin manoma a gona tana tsince fara da tsutsa. Ba tsibiri ne ya raba ta da masu farauta ba, al'ada ce, tun da mutane suna ɗaukar isowarta a matsayin albishir na ruwa, manya kuma suna tsawata wa yaron da ya ɗaga mata danƙo. Duk ɗalibin da yake son gwada abin da masana suke yi zai iya auna tazarar gudu da takun ƙafarsa: ya tunkari shamuwa a hankali ya ƙirga takun da ya rage lokacin da ta tashi, ya yi haka ga belbela a bayan shanu, sannan ga hasbiya da fakara da zabon daji, ya rubuta rana da wuri. Jerin da zai samu zai bi sawun yadda mutanen garin suke mu'amala da kowane tsuntsu, wanda ake farauta ya tashi tun daga nesa, wanda aka ƙyale ya bari a zo kusa. Gauraka, wanda dattawa suka sani a fadamun Rima da na Haɗeja, ya yi ƙaranci ƙwarai a Nijeriya, saboda kama shi da ake yi ana sayarwa don ado a gidajen masu hali, da kuma noman da ya cinye fadamun da yake ƙyanƙyasa a ciki.

Lokacin da ya fi dacewa da kallon tsuntsayen ruwa a wannan yanki shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sa'ad da agwagin daji da ƙananan tsuntsayen bakin ruwa suke ƙetaro hamada daga Turai su sauka a dausayin Haɗeja da Nguru, inda mafakar tsuntsaye ta Dagona take, da kuma bakin madatsun ruwa irin na Goronyo da na Shagari. A tsakiyar watan Janairu na kowace shekara, tun daga 1967, ake gudanar da ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya, wadda akasarin masu yin ta 'yan sa kai ne, kuma kayan aikinta madubin hangen nesa ne da littafin rubutu da fita tun da asuba, kafin masunta da masu ban ruwa su iso bakin ruwa.